Bitar Excel da Calc da Google Sheets: Halinsu Idan Fayil Ya Ƙi Adanuwa

Mafi yawan bitar da ake yi wa manhajojin jadawalin lissafi tana tsayawa ne a kan yawan fomulolinsu, da kyawun zanen ƙididdiga, da saurin buɗe manyan fayiloli. Duk waɗannan suna da amfani, amma a ganina babu lokacin da ya kai nuna ingancin manhaja kamar sa'ad da mutum ya shafe awanni yana shigar da alƙaluma, ya danna Ctrl da S, sai aikin ya ƙi shiga faifai. A wannan lokacin aikin gaba ɗaya yana rataye ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, wadda ke mance komai da zarar wuta ta ɗauke ko manhajar ta rufe. Abin da manhaja ta yi a cikin waɗannan 'yan daƙiƙu, da abin da ta gaya wa mai aikin, shi ne na auna a Microsoft Excel da LibreOffice Calc da Google Sheets. Zan fi daɗewa a kan Excel, domin ita ce ta fi yawa a ofisoshi, kuma ita ce ta fi hanyoyin gazawa iri-iri.

Abu na farko da ya cancanci yabo a Excel shi ne ba ta rubuta sabon aiki kai tsaye a kan tsohon fayil. Kamar yadda kamfanin Microsoft ya bayyana a takardunsa na taimako, idan aka ba ta umarnin adanawa, tana fara ƙirƙirar wani fayil na wucin gadi a cikin foldar da ainihin fayil ɗin yake, ta ba shi sunan da ba shi da wata ma'ana, ta zuba aikin gaba ɗaya a cikinsa. Sai bayan ta tabbatar rubutun ya kammala take kawar da tsohon, ta sauya wa na wucin gadin suna ya koma ainihin sunan fayil ɗin. Tamkar magatakarda ne da ba ya yaga tsohon kundi sai ya gama kwafe shi a sabo. Idan aka samu matsala ana tsakiyar rubutu, tsohon fayil yana nan yadda aka bar shi a adanawar da ta gabata, kuma sabon aikin yana nan a buɗe a gaban mai shi.

Muhimmancin wannan tsari yana fitowa fili idan aka san yadda fayil ɗin xlsx, wato tsarin da Excel ta saba adana jadawali a kansa, yake a ciki. Tun daga Office 2007, irin wannan fayil ƙunshi ne na ZIP, wato fayiloli da yawa da aka matse a cikin guda ɗaya, wanda ke ɗauke da ƙananan fayilolin XML, kowane shafi da nasa, da wani na tsarin ado, da wani na kalmomin da aka rubuta a gurabe. Fayil ɗin ods na LibreOffice ma ƙunshin ZIP ne mai ɗauke da fayilolin XML. Shi kuwa ZIP a can ƙarshensa yake ajiye jerin abubuwan da ke cikinsa da inda kowanne ya fara. Saboda haka fayil ɗin da rubutunsa ya katse, ko da saura kaɗan ya kammala, ya rasa wannan jerin, kuma manhaja za ta ce ya lalace, ba za ta buɗe rabinsa ta bar rabi ba. Da a ce Excel tana rubutu kai tsaye a kan tsohon fayil, ɗaukewar wuta sau ɗaya ta isa ta cinye aikin yau da na shekarar da ta wuce a lokaci guda.

Sai dai wannan kariyar tana zuwa da nata sharuɗɗan, kuma daga cikinsu ne yawancin gazawar ke fitowa. Dole faifan ya kasance da wurin da zai ɗauki kwafi biyu na ɗan lokaci, don haka filashin da ya kusa cika zai iya buɗe fayil lafiya amma ya ƙi karɓar gyara. Dole kuma mai aikin ya kasance da izinin ƙirƙira da sauya suna da gogewa a cikin foldar, abin da masu kula da netwok na ofis sukan hana da kyakkyawar niyya don kada ma'aikata su goge fayiloli, sai hanin ya karya adanawa baki ɗaya. Haka nan a tsakanin rubuta fayil na wucin gadi da sauya masa suna akwai ɗan giɓi, kuma a cikin wannan giɓin ne manhajar riga-kafin bairos ko manhajar da ke tura fayiloli zuwa rumbun intanet kan kama sabon fayil ɗin domin duba shi, Excel ta zo sauya suna ta tarar an riƙe shi. Wanda ya taɓa ganin wasu baƙin fayiloli masu sunan haruffa da lambobi takwas, marasa wutsiyar xlsx, sun taru a foldar aiki, to ragowar irin wannan karo ya gani. Ina ba da shawara kada a yi gaggawar goge su, domin sau da yawa cikakken aikin yana ciki, kuma ana iya buɗe su daga cikin Excel.

Inda nake da babban ƙorafi shi ne bakin Excel a lokacin da abu ya ɓaci. Saƙon da aka fi sani kalmomi uku ne kacal na Turanci, waɗanda ma'anarsu ita ce ba a adana takardar ba. Ba ya faɗin dalili, ba ya faɗin ko tsohon fayil yana nan lafiya, ba ya nuna matakin da ya kamata a ɗauka. Saƙon guda ne ko filashi aka zare, ko hanyar netwok ce ta yanke, ko mutum ne ya danna Esc ana tsakiyar adanawa. Manhajar da ta yi ƙoƙarin kare aikin mutum har haka bai kamata ta bar shi cikin fargaba da kalmomi uku ba, musamman da yake a irin wannan fargabar ne mutane ke aikata abin da ya fi komai ɓarna, wato su rufe Excel su sake buɗewa da fatan za ta gyaru, alhali rufewar ce ke kashe kwafin da ya rage. Akwai wani saƙon da ke cewa an kasa isa ga fayil ɗin, sannan ya jero abubuwan da ka iya zama sanadi: ko foldar ba ta nan, ko ta karatu ce kawai, ko sunan yana ɗauke da alamar da aka haramta irin su alamar tambaya da tauraro, ko kuma tsawon sunan tare da jerin foldojin da ke gabansa ya wuce haruffa 218. Wannan ya fi na farko, amma Excel tana iya ƙirga haruffan da kanta ta faɗi wanne ne daga ciki, maimakon ta bar wa mai aiki bincike. Wanda na fi gamsuwa da shi shi ne saƙon da ke cewa an kasa adana canje-canje a ainihin fayil amma an ajiye su a wani na wucin gadi, ya kuma faɗi sunansa. Da sauran saƙonnin sun yi magana a fili kamar wannan, da rabin ƙorafina ya kau.

Akwai kuma lokacin da Excel ke cewa ta gano kurakurai yayin adanawa, kuma za ta iya ci gaba idan aka yarda ta cire ko ta gyara wasu sassa. Ta kyauta da take yin gyaran a sabon fayil, amma ba ta faɗin abin da za ta cire kafin a amince, kuma mai jadawalin da ke cike da fomuloli masu dogaro da juna yana da haƙƙin sanin wannan tun da wuri. A duk waɗannan halaye dai, abin da ke ceton mutum guda ne: aikin yana nan a buɗe, kuma ana iya adana shi da wani suna a wata folda ta cikin kwamfutar kanta, ko a kwashe shafukan zuwa sabon fayil idan tsohon ne ke da lahani.

Game da AutoRecover, wanda ya shigo tun Excel 2002, akwai rashin fahimta mai yawa, kuma ina ganin sunansa da yadda aka gabatar da shi suna da hannu a ciki. Mutane da yawa suna ɗauka yana adana musu fayil, alhali kwafin gaggawa kawai yake ajiyewa a wata ɓoyayyiyar folda, duk bayan minti 10 idan ba a sauya saitin ba. Ko minti 10 ɗin ma ba tabbas ba ne, domin Excel tana jira sai ta ga an ɗan dakata da aiki na kimanin daƙiƙa 30 kafin ta ɗauki kwafin, don haka mai saurin hannu da ke shigar da alƙaluma ba tsayawa zai iya wuce lokacin ba tare da an ɗauki komai ba. Idan manhajar ta faɗi, a buɗewa ta gaba tana nuna jerin abin da ta tsira da shi a gefen allo tare da lokacin kowanne, kuma wannan sashen yana aiki da kyau. Daga Office 2010 an ƙara wani rangwame: ko da mutum ya rufe sabon aikin da bai taɓa adanawa ba ya zaɓi kada a adana, Excel tana riƙe kwafin ƙarshe na kwana 4. Rangwame ne mai daraja, sai dai an binne hanyar isa gare shi a cikin menu, inda wanda bai san da shi ba zai yi wuya ya same shi a ranar da yake bukata.

AutoSave na Microsoft 365 wani abu ne daban. Yana aiki ne idan fayil ɗin yana OneDrive ko SharePoint, wato rumbunan intanet na Microsoft, kuma yana adanawa duk bayan 'yan daƙiƙu. Ya rage asarar aiki ƙwarai, amma ya sauya kamannin gazawa. Yanzu aikin kan shiga ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta lafiya, ya kasa hawa sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe fayil ɗin a intanet, kuma abin da ke nuna haka ɗan rubutu ne a saman allo ko wani siririn layin gargaɗi. Mutum zai iya rufe kwamfutarsa da tabbacin ya gama, abokin aikinsa kuma ya buɗe tsohon kwafi a wani wuri ya ci gaba da gyara, daga baya a wayi gari da kwafi biyu masu saɓani. Ƙari a kan haka, AutoSave ba ya bambanta gyara da kuskure, don haka wanda ya saba buɗe tsohon fayil ya yi gwaji a kansa sannan ya rufe ba tare da adanawa ba zai tarar gwajin ya zauna. Tarihin sigogi, wato jerin kwafin baya na fayil da ake iya komawa gare su, yana magance wannan, kuma yana cikin abubuwan da na fi yabawa a tsarin.

Duk abin da na ambata zuwa nan gazawa ce mai ƙara, wadda aƙalla take sanar da kanta. Wadda ta fi damuna ita ce adanawar da ta yi kamar ta yi nasara alhali ta zubar da wani abu a hanya. Idan aka adana jadawali a tsarin CSV, wato fayil na zallar rubutu da waƙafi ke raba gurabensa, shafin da ke buɗe kaɗai ke shiga, fomuloli su koma sakamakonsu, ado da launuka su tafi. Idan kuma aka zaɓi CSV na gargajiya maimakon CSV UTF-8 da ya zo a zamanin Excel 2016, haruffan da ba sa cikin tsohon tsarin Windows, har da ƙ da ɗ da ɓ, suna komawa alamar tambaya, kuma babu hanyar dawo da su daga wannan fayil ɗin. Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne allon yana ci gaba da nuna komai daidai har sai an rufe an sake buɗewa. A sake buɗewar ma akwai wani tarkon, domin Excel tana ɗaukar jerin lambobi a matsayin adadi, ta cire sifilin da ke gaba, ta kuma riƙe lambobi 15 na farko kawai ta mayar da sauran sifili, abin da ke lalata lambobin waya da na asusu idan aka sake adanawa a haka.

Tsohon tsarin xls yana da tasa iyakar, layuka 65,536 da ginshiƙai 256, yayin da xlsx ke ɗaukar layuka 1,048,576 da ginshiƙai 16,384. Abin da wannan bambanci zai iya jawowa ya bayyana a Ingila a watan Oktoban 2020, lokacin da hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta sanar cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙididdigar yau da kullum ba. Ana zuba sakamakon gwaje-gwaje ne ta hanya mai sarrafa kanta a cikin fayilolin xls, da suka cika sai ragowar layukan suka zube, aka kuma makara wajen bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar. A yi wa Excel adalci, idan mutum ne da hannunsa ya zo adana babban jadawali a xls, tana tsayar da shi ta gargaɗe shi cewa za a yi asarar bayanai, kamar yadda take yi idan za a adana fayil mai makro, wato jerin umarni da ke gudanar da aiki da kansa, a xlsx maimakon xlsm. Matsalar ita ce gargaɗi yana amfani ne idan akwai idon da zai karanta shi. Masu rubuta makro da VBA, harshen da ake rubuta shi da shi a Excel, sukan kashe saƙonnin gargaɗi don kada aikin ya tsaya, kuma wanda ya yi haka nauyi ya koma kansa ya duba ko adanawar ta yi nasara, ya kuma ƙirga layukan da suka shiga da waɗanda suka fito. Excel ta tanadi hanyar duba nasarar tun sigar 2010, amma ba ta tilasta wa kowa amfani da ita.

LibreOffice Calc ba ta fi Excel iya bayani ba idan faifai ya ƙi karɓar rubutu. Saƙonninta na kuskuren rubutu, ko kuskuren shiga da fita na gaba ɗaya, harshen injiniyoyi ne da ba ya gaya wa ma'aikacin ofis abin da zai yi. Inda ta yi fice shi ne gaskiyarta game da asarar da ba ta da ƙara. Duk lokacin da aka zo adanawa a tsarin da ba nata ba, tana tambaya ko a ci gaba ko a koma ods, idan CSV ne tana ba da damar zaɓar tsarin haruffa da alamar raba gurabe, kuma tana faɗa a fili cewa shafin da ke buɗe kaɗai aka adana. Wasu suna jin tambayar ta yi yawa har su kashe ta, ni kuwa ina ganin ta cancanci zama. Daga sigar 24.2 ta farkon 2024, ajiye bayanan farfaɗowa da ajiye kwafin ko-ta-kwana duk suna kunne tun daga girkawa, wato kafin ta rubuta sabon aiki tana ajiye sigar da ta gabata da wutsiyar bak. Kwafi ɗaya ne kawai, kowace adanawa tana maye gurbinsa, don haka wanda ya adana kuskure sau biyu a jere ya rasa mai kyaun. Wani abin da ke rikita sababbin masu amfani shi ne ɗan ɓoyayyen fayil ɗin kulle da take ajiyewa kusa da wanda aka buɗe, kamar yadda Excel ma take yi. Idan manhajar ta faɗi, kullen kan rage a wurin, sai a buɗewa ta gaba a ce wani yana amfani da fayil ɗin alhali babu kowa.

Google Sheets, wadda ta fito a 2006, ta kawar da maɓallin adanawa gaba ɗaya. Kowane gyara yana tafiya sabar Google nan take, kuma wata 'yar alama kusa da sunan fayil tana nuna ko ya isa. Idan intanet ta yanke kuma ba a kunna aiki ba tare da intanet ba tun da farko, tana hana ci gaba da rubutu har sai hanya ta dawo. Wannan yana ɓata rai a lokacin, amma ina ganin daidai ne, domin ya fi a bar mutum ya yi ta zuba aiki a inda ba za a riƙe shi ba. Rauninta yana wurin da Excel da Calc suke da ƙarfi: babu ƙofar tsira ta adanawa a wata folda, domin sauke kwafin xlsx ma yana bukatar intanet. A lokutan da ta ce ta kasa adana canje-canje, abin da take ba da shawara shi ne mutum ya kwafe sabon aikinsa da hannu kafin ya koma sigar baya, kuma wannan nauyi ne babba a jadawali mai faɗi. Akwai iyakar gurabe miliyan 10 ga kowane fayil. Akwai kuma batun ma'ajiya: tun 1 ga Yunin 2021 sababbin fayilolin Sheets suna cin wuri a cikin gigabait 15 da asusun kyauta yake da shi tare da Gmail da hotuna, kuma idan wurin ya cika ana dakatar da gyara a fayilolin mai asusun, har ga waɗanda ya ba izini. Jadawalin da mutum goma ke aiki a kansa zai iya tsayawa saboda akwatin wasiƙun mutum ɗaya ya cika.

Ga wanda intanet ɗinsa ke da ƙarfi kuma aikinsa na haɗin gwiwa ne, Sheets ce ta fi ƙarancin asarar aiki, kuma tarihin sigoginta yana da sauƙin bi. Ga mai manyan jadawalai da ke aiki a kan faifan kwamfutarsa, Excel nake zaɓa saboda ƙarfin tsarin adanawarta, duk da ƙarancin bayaninta, amma ba zan bar ta a saitin da ta zo da shi ba. Rage tazarar AutoRecover zuwa minti 3 ko 5 ya dace da yawancin fayiloli, sai dai a manya ƙwarai inda kowace ɗaukar kwafi ke tsayar da aiki na ɗan lokaci. Excel ma tana da kwafin ko-ta-kwana irin na Calc, wanda ke ajiye sigar baya da wutsiyar xlk a folda ɗaya da fayil ɗin, amma an ɓoye shi a cikin zaɓuɓɓukan tagar adanawa da wani suna, kuma sai an kunna shi ga kowane fayil daban. Aiki kai tsaye a kan filashi ko foldar netwok mai yawan yankewa kuwa ba na ba kowa shawararsa a Excel ko a Calc, gara a kwafo fayil ɗin cikin kwamfuta, a gama, a rufe, sannan a mayar da shi.